Yadda za ka lissafa wutar da kayan gidanka ke ci

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit, zuwa Yuli kuma ya tsaya a kan naira 209.50. Tun daga nan magidanci a Abuja ya daina loda wa mitar kamfanin rarraba wuta na AEDC kati ya juya baya. Amma da yawa sai dai su ce mita na sata, alhali ba su taɓa lissafa abin da dutsen guga ko hita ke zuƙa ba. Lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma ina ganin bai kamata a bar wa masu wayarin su kaɗai ba.

Da farko ka san abubuwa uku. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfa yawan wutar da ke gudana, om kuma turjiyar da kaya ke yi mata. Kamar tankin ruwa ne a saman gida: tsayin tankin shi ne bolt, ruwan da ke zuba amfa, ƙuncin bututun kuma om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana alaƙarsu a 1827.

Mataki na biyu, samo bolt da amfa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Juya kayan, za ka ga wata 'yar takarda ko rubutu a gindinsa. Idan wat kawai aka rubuta, raba shi da 230, amfa zai fito. Mai son ainihin abin da ke gudana sai ya nemi mitar gwaji mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya. Waya ɗaya ake maƙala mata, mai ɗauke da wuta, ja a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo. In ka haɗa wayoyin igiyar biyu cikin bakinta sifiri za ta nuna, domin mai zuwa da mai komawa sun soke juna. Kada ka fere igiyar kaya don wannan. Kira mai gyaran wuta ya auna maka.

Na uku, turjiya: raba bolt da amfa. A ce dutsen gugarka na jan amfa 5. Raba 230 da 5, ka sami om 46. Kana iya tabbatarwa. Zare filogi daga soket tukuna, wannan wajibi ne, ba a auna turjiya da wuta a jiki. Murɗa maɓallin zafin dutsen, ka juya mitar gwajin zuwa alamar Ω, ka ɗora tsinkayenta biyu a kan ƙananan haƙoran filogin guda biyu. In ta nuna kusa da 46, lafiya lau. In ba ta motsa ba, wani abu ya tsinke: fiyus, igiya ko zaren da ke zafi a ciki.

Na huɗu, wat: ninka bolt da amfa. 230 sau 5 ya ba da wat 1,150. Yunit ɗaya na mita wat 1,000 ne na tsawon awa guda, ke nan awa ɗaya ta guga yunit 1.15 ce, kusan naira 241 a farashin Yulin 2024. Kullum awa ɗaya, a wata ya haura naira 7,000. Zai ɗan gaza haka, tunda dutsen kan yanke wuta da kansa in ya yi zafi.

Amfanin sanin turjiya yakan fito ne ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi, abin da mazauna unguwanni masu cunkoso suka saba da shi da dare. Turjiyar dutsen tana nan kusan 46. In bolt ya sauka zuwa 180, raba shi da 46, amfa ya koma 3.9. Ninka da 180, wat bai wuce 704 ba. Bolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuwa ya ragu da kusan biyu cikin biyar, domin bolt da amfa tare suka faɗi. Shi ya sa kwalar riga ke ƙin kwanciya, a ɗora wa dutse laifin da ba nasa ba.

Sai batun da ya fi damuna, wato soket mai doguwar waya. Filogi mai haƙora uku iyakarsa amfa 13, wato wat 2,990. Haɗa dutsen nan da butar lantarki mai wat 2,000, jimla 3,150, amfa 13.7. An wuce gona da iri. Ba lallai fiyus ya yanke a wannan ɗan ƙarin ba, amma in na kirki ne kuma nauyin ya ƙaru sosai, shi zai sadaukar da kansa. In kuwa an cire shi an ɗaure wurin da silin waya, igiyar ce za ta yi ta ɗumi a bayan labule har roba ta narke. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ma, ka ga tun a takarda ba zai ɗauki dutsen ba.

Wannan lissafi ya fi zama daidai ga kayan da ke zafi. Firji, fanka, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki suna da mota a ciki: bolt sau amfa yakan fi ainihin wat ɗinsu, kuma lokacin tashi sukan ja ninkin abin da aka rubuta sau da yawa. Ga irinsu, ɗauki wat ɗin da ke jikin takardar wajen lissafin kuɗi, ka kuma bar rara mai yawa in za ka sayi janareta ko inbata.