Darasin Turanci: Gani, Dubawa da Lura

A wannan wata za mu koyi kalmar nan "see", wato gani, tare da 'yan'uwanta biyu, "look" da "watch". Ƙanana ne, amma suna kan kwalin magani, da katin asibiti, da buhun maganin ƙwari. Wanda bai bambanta su ba yana iya yin kuskuren da zai taɓa rai.

Asalinsu

"See" tsohuwar kalma ce. Kakannin Ingilishi sun tafi da ita ƙasar Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmak wajen shekara ta 450 bayan haihuwar Kristi. A dā suna cewa "seon". Har yau Jamusawa suna cewa "sehen", mutanen Holan kuma "zien". Kun ji kamar da ke tsakaninsu. Ita kuwa "watch" tushenta ɗaya da "wake", wato farkawa. Shi ya sa ake kiran maigadi "watchman", mutumin da ba ya barci.

Bambancinsu

1. See: abu ya faɗo a idonka, ko ka so ko ba ka so ba. "I see a goat", ina ganin akuya. In abin ya wuce sai a ce "I saw" ko "I have seen". Ba a cewa "seed", wannan iri ne na shuka. Haka kuma "sea" teku ce, ko da yake furucinsu ɗaya da "see".

2. Look: ka juya ido da niyya, wato dubawa. "Look at the card", dubi katin. In an ƙara mata ƙaramar kalma sai ma'ana ta canja: "look for" nema, "look after" kula da, "look out" yi hattara.

3. Watch: ka sa ido na tsawon lokaci, ba gyangyaɗi, kamar yadda yaro yake tsaron gero kada tsuntsaye su ci.

Inda ake yin tuntuɓe

A wani ajin yaƙi da jahilci, wata uwa ta karanta "see a doctor" a kwalin magani, sai ta yi dariya ta ce ai kowace ranar kasuwa tana ganin likita. Ba wannan ake nufi ba. Ana nufin ki je wurinsa ya duba ki. In an rubuta "see overleaf", ana cewa ne juya takardar, akwai sauran bayani a baya. Sau da yawa a can ake rubuta yawan maganin da za a sha. Wanda kuma ya ce "I see" bayan an yi masa bayani, na gane yake nufi.

Mafi muhimmanci shi ne "watch for". In yaro yana zawo aka ce miki "watch for danger signs", a sa ido ke nan a kan alamun haɗari: idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ragu ƙwarai, ya kasa shan nono ko ruwa. Ki ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari, in kin ga ko ɗaya daga cikinsu kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti.

Daga Littafi Mai Tsarki

A Matiyu sura 26, inda Yesu ya roƙi almajiransa su zauna a faɗake a Getsamani, fassarar Turanci ta shekarar 1611 kalmar "watch" ta sa. Amma barci ya kwashe su. A Luka sura 10 kuma, firist da Balawi sun ga mutumin da 'yan fashi suka raunata, suka ratse. Basamariye ma ya gan shi, amma ya tsaya ya kula da shi. Dukansu uku sun yi "see", ɗaya ne kawai ya yi "look after". Gwauruwar da ke maƙwabtaka da mu, ganinta kawai muke yi, ko muna kula da ita?

Aikin gida

A taron zumuntar mata ko na matasa, kowa ya kawo kwalin magani ko katin asibiti daga gida. Ku nemo kalmomin nan uku, ku fassara jimlar da Hausa, wanda ya iya ya taimaki wanda bai iya ba.

Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.