Darasin Turanci: Citizen, Indigene, Resident da Settler

Duk wanda ya taɓa cika takardar neman aikin gwamnati, ko ta shiga jami'a, ko ta shiga soja, ya ci karo da waɗansu kalmomin Turanci da suke kama da juna kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. A bakin jama'a, daga Kafanchan zuwa Zonkwa da Kwoi da Kagoro, akan fassara su duka da "ɗan ƙasa". Amma a ofis kowace tana da nata nauyi, kuma wanda ya rubuta wata a gurbin wata yana iya rasa abin da ya je nema.

Ta farko ita ce citizen. Tushenta ɗaya ne da city, wato birni, domin a zamanin dā tana nufin ɗan birni mai 'yanci. A yau tana nufin wanda doka ta ce shi ɗan wata ƙasa ne, mai haƙƙi a cikinta, mai kuma nawayar biyan haraji da bin doka. Tsarin mulkin 1999 ya bayyana a sashe na 25 zuwa na 27 cewa ana zama ɗan Nijeriya ta wurin haihuwa, ko rajista, ko neman zama ɗan ƙasa. Sashe na 41 ya ba kowane citizen izinin zama a duk inda ya ga dama cikin ƙasar, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. A lura fa, wannan kalma ta Nijeriya ce gaba ɗaya. Tsarin mulki bai san citizen na Jema'a ko na Kaura ba.

Ta biyu, indigene, ita ce mai wuyar sha'ani. Daga Latin ta fito, ma'anarta wanda aka haifa daga cikin wurin. Mutumin Ingila yakan shekara bai furta ta ba, amma a Nijeriya ta zama abincin yau da kullum. Abin mamaki shi ne, a nan ma'anarta ta rabu da haihuwa. Tambayar da takan ɗauka ita ce: daga ina iyaye da kakanni suka fito? Yaron da aka haifa a asibitin Kafanchan, ya yi firamare da sakandare a can, bai san wani gari ba, yana iya zama indigene na wata ƙaramar hukuma a Jihar Anambara ko Oyo wadda bai taɓa taka ƙafa a cikinta ba. Haka ma ɗan Bajju da aka haifa a Legas, indigene ne na kudancin Kaduna ko da bai iya gaisuwa da harshen Jju ba.

Tsarin mulki ya yi amfani da kalmar a sashe na 147, inda ya ce dole a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama indigene na jihar. Sai dai bai fassara ta ba. Abin da ya fi kusa da fassara yana sashe na 318, wanda ya danganta zaman ɗan jiha da iyaye ko kakanni. Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya, wadda dokar soja ta 1996 ta tabbatar, ta ƙara da cewa wanda ƙaramar hukuma ta karɓa shi ma ya zama nata, kuma matar aure tana ci gaba da riƙe jiharta ta asali wajen rabon muƙaman tarayya. Saboda haka hukunci ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma mai sa hannu a takardar shaidar asali. Wannan iko ne babba a kan takarda ɗaya, kuma ba kowane lokaci ake riƙe shi da gaskiya ba.

Resident kuwa mai sauƙi ce: mazaunin wuri, ko daga ina ya fito. Ba ta tambayar kakanni. Da ita mutum yake iya yin rajistar zaɓe a inda yake zaune. Gwamnatin Nasir El-Rufai, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta sanar cewa a Jihar Kaduna zama ne abin dubawa, ta kuma kafa hukumar rajistar mazauna jiha. Amma ma'aikatun tarayya ba su daina neman takardar shaidar asali ba.

Settler ta fito daga settle, wato a sauka a kafa zama. A littattafan tarihi an fi kiran Turawan da suka kama gonaki a Kenya da Rodeshiya da wannan suna. Ba ta cikin jerin matsayin da tsarin mulki ya ba ɗan Nijeriya, amma a kudancin Kaduna ta yi kaifi. Garin Kafanchan ya bunƙasa ne bayan layin dogo daga Fatakwal ya iso a wajajen 1927, ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, ya jawo Ibo da Yarbawa da Hausawa da wasu da yawa zuwa ƙasar da Fantswam suke zaune. Jikokin waɗannan ma'aikata har yau akwai su. A Zangon Kataf, gardamar sauya wa kasuwa wuri ce ta tada rikicin Fabrairu da Mayu na 1992, amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya ta wane ne mai ƙasa, wane ne ya zo. Kalmar da aka zubar da jini a kanta bai kamata a jefa ta cikin wasiƙa da wasa ba. Ko Hausa ma ta bambanta baƙo, wanda ake sa ran zai tafi, da mazauni, wanda ya gina gida ya binne iyayensa a wurin.

Akwai kuma native, 'yar'uwar indigene, wadda dattawa suka sani ta wurin En'e. Turawan mulki sun yi ta kiran mutanen ƙasa da ita cikin reni, shi ya sa ta yi tsami. Ana iya cewa mutum native ne na Kagoro, ba laifi, amma kiran jama'a natives a dunƙule ya zama zagi.

Wannan darasi ya shafi magatakardan ikilisiya da shugabannin makarantu, domin su ne sukan rubuta wa matasa wasiƙar shaida da Turanci. Ya fi shafar 'ya'yan fastoci da malamai da ma'aikatan jinya, waɗanda akan haifa a duk inda aka tura iyayensu aiki. Idan yarinya ta girma a Kafanchan amma mahaifinta mutumin Pankshin ne, abin da za a rubuta shi ne ita resident ce ta Kafanchan, kuma citizen ta Nijeriya. In aka rubuta indigene don a taimake ta, ranar tantancewa wasiƙar za ta saɓa wa takardar ƙaramar hukumarta, a ce ta yi ƙarya. A gurbin da aka rubuta place of birth sai ta sa Kafanchan, a na state of origin kuma ta sa Filato.