Motar Gida da Motar Waje

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Dala zai tarar da kayan gyaran mota jibge, amma da wuya ya ga wanda aka ƙera a Nijeriya. To, me ya jawo haka?

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Iyayenmu sun san 504, wadda suke kira Fijo. Manyan ma'aikata sun hau ta, direbobin tasha sun ci abinci da ita. Nan Kano ma an kafa masana'antar haɗa manyan motocin Fiat.

Amma fa haɗawa daban, ƙerawa daban. A wancan lokacin, yawancin sassan Fijo daga Faransa ake kawo su, har ta jirgin sama zuwa Kano, sannan a kwashe su zuwa Kaduna. Da aka karya darajar Naira a 1986, sai kuɗin sassan ya yi tashin gwauron zabo, sabuwar mota ta gagari malamin makaranta. Jama'a suka koma wa tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano.

A ganina masu saye ba su da laifi. Mota ƙarfe ce, ga shi ba a kammala masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba, lantarki kuwa sai a hankali. Kamfanin Innoson na Nnewi yana ƙoƙari, amma mai ƙera kaɗan ba zai iya sayarwa da araha kamar Toyota ba, wadda ke ƙera wajen mota miliyan 10 a shekara.