Auna Saurin Rubutun Ɗalibi: Jagora ga Malamai da Iyayen Yara

Sau da yawa yaro yakan faɗi jarrabawa alhali ya san amsa, sai dai lokaci ya ƙare alƙalaminsa bai kai ƙarshe ba. A takardar Turanci ta Hukumar WAEC akan nemi ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalma kamar 450 cikin minti 50. Watau kalma 9 ke nan a kowane minti, tun ba a cire lokacin tunani da na gyara ba. Gaskiya ne JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, amma aikin aji da jarrabawar ƙarshen zango a galibin makarantunmu da hannu ake yin su.

A Ingila, cikin 2007, masana sun fito da wani ma'auni mai suna DASH domin 'yan shekara 9 zuwa 16, a 2010 kuma suka ƙara na 'yan 17 zuwa 25. Malami yana iya bin tsarinsa da agogo da takarda kawai. A ba yara jimla guda su yi ta kwafa minti 2 da mafi kyawun rubutunsu, sa'an nan su sake kwafa ta minti 2 da iyakar saurinsu. Daga nan su jera abacada da ka minti 1. A ƙarshe su rubuta labarin kansu minti 10. Abin da ya karantu shi kaɗai za a ƙirga.

To, a nan ya kamata malami ya yi hattara. Alƙaluman DASH daga yaran Ingila aka samo su, masu rubutu da harshen gidansu. Yaro a Yolde Kohi ko Jimeta yana iya tashi da Fillanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuwa sai a aji. Wataƙila ma a makarantar allo ya fara riƙe alƙalami, inda hannu ke tafiya daga dama zuwa hagu. Auna irin wannan yaro da mudun Ingila zalunci ne. A gwada shi da tsararrakinsa na aji ɗaya, kuma a ƙirga haruffa maimakon kalmomi, domin Hausa cike take da gajerun kalmomi irin su da, ya, na.

Wanda ya yi sauri wajen kwafa amma ya tsaya cik wajen labari, hannunsa lafiya lau, harshe ne ya gaza masa. Wanda ya yi nawa a duka huɗun, a duba riƙonsa da zamansa, musamman in a ƙasa yake zaune da littafi bisa gwiwa, a kuma kai shi asibiti a duba idonsa. Bahago kuwa a bar shi da hagunsa, kada a doke shi. A adana takardun gwajin, a maimaita shi ƙarshen kowane zango.