Kada ka tara 'yan ƙwadago tun asuba

Jikana, tun da ka dawo Matazu hutu daga Dutsin-Ma kake ƙorafi wai kwamfutar da babanka ya sayar da masara ya saya maka ta tsufa. Jiya na zauna gefenka ina kallo. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka dawo ba ta gama wartsakewa ba. Kafin ka taɓa komai Teams ya leƙo, Spotify ya biyo shi, OneDrive kuwa yana can yana shan datar wayarka.

Ba tsufa ba ne, jama'a ce ta yi mata yawa. Ka taɓa ganin manomin da ya kira masu tsinkar auduga ranar shuka? Ai sai su zauna gindin bishiya su shanye furar masu aiki. Haka manhajojin nan suke. Da yawansu ranar da ka saka su suke rubuta sunansu cikin masu tashi tare da kwamfuta, kowacce ta kama wuri a RAM, alhali taka giga 4 ce kawai. Ga batiri yana zuba, kai kuma ka san halin wutar garin nan.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Startup, tun Windows 8 aka mayar da jerin can. Gaban kowane suna an nuna nauyinsa. Fara da masu High: wadda ba ka buƙata da safe, zaɓe ta ka danna Disable. Kada gabanka ya faɗi, ba goge ta ka yi ba. Tana nan, ranar da ka kira ta za ta amsa.

Amma kada ka yi sharar kan mai uwa da wabi. Bar Windows Security, domin filashin da kake kaiwa shagon buga takardu ba ka san inda ya kwana ba. Bar na sauti da na faifan da kake jan yatsa a kai. Sunan da ba ka gane ba, bincika shi tukuna. Ni ɗai-ɗai nake kashewa, in sake kunnawa in ga yadda ta tashi.

In ka gama, duba ta ƙanwarka kafin ka koma makaranta.