Darasin Mako: Jinyar Tsohon Kare Bayan An Yanke Masa Ƙafa

Darasin wannan mako a kan kare ne, tsohon kare wanda likitan dabbobi ya yanke wa ƙafa ɗaya. Mun san wasu za su yi dariya su wuce. To amma da yawanmu akwai kare a gidajenmu, na gadi ko na farauta ko na bin garke, kuma a galibin gidajen nan mu yara ne ke ba shi abinci da ruwa. Ranar da mota ta take shi ko tarko ya kama shi, jinyar a kanmu za ta faɗo. Shi ya sa muka ga ya dace mu san abin yi tun kafin ranar ta zo.

Likita ba ya yanke ƙafa sai ya ga babu yadda za a yi a cece ta: ƙashi ya dagargaje, ko miki ya ruɓe har ya ci ƙashi, ko jijiya ta mutu ƙafar tana jan ƙasa, ko kuma ciwon daji na ƙashi, wanda ya fi kama manyan karnuka idan shekaru sun ja. Wannan tiyata ce sosai, da allurar barci da ɗinki, don haka ba aikin mai ɗori ba ne. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Babban kare yakan shiga sahun tsofaffi tun yana ɗan shekara 7, saboda haka kafin a yi masa aiki likita kan gwada jininsa, ya saurari zuciyarsa, ya kuma duba ko sauran ƙafafu ukun za su iya ɗaukar sa.

Abin da kan girgiza masu kare idan suka je ɗaukar sa shi ne su tarar an cire ƙafar ɗungurungum. Ta gaba sau da yawa har da allon kafaɗa ake cire ta, ta baya kuma daga ƙugu ko daga saman cinya. Da dalili. Idan aka bar dogon dungu, kare zai riƙa ƙoƙarin takawa da shi, yana goga shi a ƙasa, mikin ya ƙi warkewa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, domin duk jinyar a kansa ta ginu. Kare mai ƙafa huɗu yana ɗora kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, saboda kai da wuya da ƙirji duk a can suke. Sauran kashi 40 yana kan na baya. Mu ɗauki kare mai kilo 20. Kowace ƙafar gaba tana ɗauke da kilo 6, kowace ta baya kilo 4. Idan aka cire ta gaba ɗaya, wadda ta rage takan ɗauki kusan rabin nauyin jikin, wato daga kilo 6 ta koma wajen kilo 10. Idan ta baya aka cire, ƙafafun gaba biyu su ke raba yawancin ƙarin, shi ya sa irin wannan karen ya fi saurin sabawa. Ku tuna da murhu: duwatsu uku suna riƙe tukunya daram, muddin nauyinta ya sauka a tsakaninsu. Haka kare yake yi, yakan matso da ƙafar da ta rasa abokiyarta zuwa tsakiyar jiki. Ɗan kwikwiyo kan koyi wannan cikin 'yan kwanaki. Tsoho kuwa yana koyonsa ne da gaɓoɓin da wataƙila amosani ya riga ya taɓa, da tsokar da ta fara saki. Nan bambancin yake.

Kwana biyu ko ukun farko su ne masu wuya. A nema masa wuri mai inuwa da iska, inda yara ƙanana da awaki da sauran karnuka ba za su kai gare shi ba. A shimfiɗa tsohuwar katifa ko soso mai ɗan tauri, a rufe da tsohon zane mai tsabta da za a riƙa canzawa kullum. Katifa mai laushi ƙwarai ba ta da amfani a nan, domin ƙafa takan nutse a ciki ya kasa tashi. Idan bai iya juyawa da kansa ba, a juya shi bayan kowace awa 3 ko 4, saboda tsohon kare da ya daɗe kwance a gefe ɗaya fatar gwiwar ƙafarsa ta gaba da ta ƙugunsa kan saɓule. Ruwa ya kasance kusa da bakinsa. Kada a damu idan ya yi kwana biyu ko uku bai yi kashi ba, maganin barci da ƙarancin ci su ke jawo haka. Fitsari ne ba a wasa da shi: in ya yi awa 24 bai yi ba, a kira likita.

Sai maganar zogi. Kare ba lalle ya yi kuka ba don yana jin ciwo. Alamominsa su ne haki alhali ba zafi ake yi ba, da makyarkyata, da ƙin cin abinci, da kasa samun wurin kwanciya, da gurnani idan an matso kusa. Ko karen da bai taɓa cizo ba yana iya kai cizo a wannan hali, don haka kada mu kai fuskarmu kusa da tasa, kuma babba ya kasance a wurin duk lokacin da za a ɗaga shi. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti.

Likita zai bayar da maganin zogi irin su meloksikam ko gabafentin, gwargwadon nauyin karen. A ba shi a kan lokaci har ya ƙare, ko da an ga kamar ya warware. Abin da muke so kowa ya riƙe da kyau shi ne: kada a je kemis a sayo wa kare maganin mutane. Ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake sha don ciwon jiki, suna huda cikin kare su sa masa gyambo, suna kuma lalata ƙoda, ga shi ƙodar tsoho dama ba ta da sauran ƙarfi sosai. Farasitamol idan ya wuce ƙima yana lalata hanta da jini. Haka nan haɗa meloksikam da magani irin su deksametason na iya sa ciki ya yi jini. Idan aka ga kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana amai, a dakatar da maganin a sanar da likita nan take.

Mikin kansa a duba shi safe da yamma. Ɗan kumburi da canjin launin fata a kewayen ɗinkin ba abin tsoro ba ne. Wani lokaci ruwa kan taru a ƙarƙashin fatar ya yi luɓu-luɓu. Yawanci jiki kan shanye shi, amma a nuna wa likita, kada wani ya ce zai huda da allura. Abubuwan da ke sa a koma asibiti ba tare da jira ba su ne mugunya, ko wari, ko ɗinki ya buɗe, ko jini yana ɗiga bai tsaya ba. A ɗaga leɓensa a duba dasashi: in ya yi fari fat maimakon ja-ja, yana iya zama jini ne ke zuba a ciki. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, ya ɗara namu, don haka jin jikinsa da ɗumi kawai ba ya nufin zazzaɓi.

Mun sha ganin ana shafa wa mikin dabba baƙin mai na inji, ko a barbaɗa toka, ko gishiri, ko a fasa kafso a zuba garin. A kan ɗinkin tiyata duk wannan ɓarna ce, yana ƙona sabon naman da ke tsirowa ya kuma shigar da datti. Abin da likita ya bayar shi kaɗai za a sa, kuma kada a yi masa wanka sai an cire zare.

Akwai kuma camfin da ke cewa yawun kare magani ne, a bar shi ya lashe mikinsa. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa kuma yana iya warware ɗinki cikin dare ɗaya. Asibiti kan sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don ta hana bakinsa kaiwa wurin. In babu, ana iya yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya yanke shi, a zura kansa a ɗaure da abin wuyansa, yadda yatsu biyu za su iya shiga tsakani. Zai yi ta karo da bango kwana ɗaya ko biyu yana kallonmu kamar mun zalunce shi. A daure, kada a cire. Wanda aka yi wa aiki a gaba yana iya sosa wurin da ƙafar baya, sai a sa masa tsohuwar riga mai tsabta ta rufe ɗinkin.

Ƙuda shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu, musamman da damina. Wasu ƙudaje suna saka ƙwai a kan miki, cikin kwana ɗaya su ƙyanƙyashe su zama tsutsotsi masu cin nama. Akwai kuma wani da masana ke kira tumbu, wanda shi a kan yashin da fitsari ko kashi ya ɓata yake saka ƙwansa a inuwa, tsutsar ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin ta yi ƙurji kamar maruru. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada mai jinya ya kwanta a ƙasa tsurarta, a share wurin kullum, a kuma rataya masa tsohon gidan sauro da rana.

Tun washegari ko jibi ake fara taimaka masa ya tsaya. A naɗe tawul ko zane a tsaye, a zura ta ƙarƙashin ciki idan ƙafar baya aka cire, ko ta ƙarƙashin ƙirji idan ta gaba ce, ba tare da ya danne ɗinkin ba, a riƙe bakin biyu daga sama. Ba ɗaukar sa za a yi cak ba, tallafa masa za a yi ya taka da kansa zuwa inda zai yi fitsari ya dawo. Minti 5 ya isa, sau uku ko huɗu a rana. Tayil da siminti mai sulɓi haɗari ne, faɗuwa ɗaya na iya sa tsohon kare ya tsorata ya ƙi sake gwadawa. A shimfiɗa tabarma ko buhunan algarara a hanyar da yake bi. Mai ƙafar gaba ɗaya ya fi shan wuya wajen gangarowa, mai ta baya ɗaya wajen hawa, don haka a toshe matakala da bakin kwata. Za ku kuma lura tafiya a hankali ta fi ba shi wahala fiye da ɗan sassarfa, domin tsalle-tsalle yake yi. A bi saurinsa, kada a fizge shi da igiyar wuya.

Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. A ganinmu daga nan ne ainihin aikin yake farawa, kuma nan ne gidaje da yawa ke sakaci. Tausayi kan sa kowa ya riƙa jefa masa ragowar tuwo da shinkafa, ga shi ba ya motsi kamar da, sai ƙiba ta shigo. Mu koma lissafinmu: karen nan mai ƙafar gaba ɗaya in ya ƙara kilo 2, kusan kilo 1 a kan ƙafa ɗaya tilo zai sauka, kuma ba shi da wata da zai canza da ita idan ta gaza. Gwajin mai sauƙi ne. A shafa gefen ƙirjinsa, ya kamata a ji haƙarƙari ba tare da an danna ba, idan kuma aka dube shi daga sama a ga ƙugunsa ya ɗan shiga. Abincinsa ya fi son nama ko kifi ko dafaffen ƙwai, tuwo kaɗan. A kiyaye miya mai albasa da tafarnuwa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Yawo a ƙara shi sannu a hankali, gajere sau da yawa ya fi doguwar tafiya sau ɗaya. In ya zauna a hanya ya gaji ne, a tsaya. Kare da haki yake fitar da zafi, ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, kuma tafiya da ƙafa uku ta fi cin ƙarfi, saboda haka a watannin Maris da Afrilu a fita da shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. A riƙa yanke masa farce, domin dogon farce na sa zamewa, a duba tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga ko ya tsage. Farauta da bin garke dai sun ƙare. Gadi kuwa da kunne da hanci da murya ake yin sa, kuma duk suna nan.

Idan ciwon daji na ƙashi ne ya sa aka yi aikin, ya kamata mutanen gida su san gaskiya tun farko. Yanke ƙafar yana raba shi da zogi mai tsanani, amma sau da yawa cutar ta riga ta kai huhu, kuma yawancin irin waɗannan karnuka watanni kaɗan suke ƙarawa. Tari, ko rama, ko numfashi da ƙyar, alama ce ta a koma wurin likita. Wanda kuwa haɗari ne ya raba shi da ƙafar, yana iya cika kwanakinsa kamar kowane kare.

Wani ɗan abu da akan manta: karen da ya rasa ƙafar baya ba zai iya sosa kunnensa na wannan gefen ba. Za ku ga tsokar ƙugunsa tana motsi yana karkata kai, yana sosa da ƙafar da babu. Idan kun ga haka ku sosa masa, ku kuma leƙa cikin kunnen ko kaska ta maƙale.