DARASIN YAU: NAMAN KAZA MAI GEZAR ZAKI, HUKUNCINSA DA YADDA AKE GIRKA SHI A GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

 Cikin 'yan kwanakin nan tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonninku, a kan wani naman kaza fari mai gashi-gashi da ake ta tallarsa a TikTok da Facebook, wai yana dawo da ƙwaƙwalwa. Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta ta fara mantuwa, har takan tambayi abu sau uku a zama ɗaya, kuma an ce mata ta sayi wannan abu ta ajiye magungunan asibiti. Wani kuma ya ce an kawo masa busasshe tsaraba, ya rasa yadda zai yi da shi. To yau za mu zauna a kansa, a karanta a tsanake.

*Mene ne shi?*

Dangin naman kaza ne, wato abin da wasunmu ke kira laimar kwaɗi, sai dai shi ba shi da laima ba shi da kara. Dunƙule ne fari, daga girman dunƙulen hannu har kusan girman kan mutum, jikinsa duk siraran tsinkaye masu laushi da suke zubowa ƙasa kamar gezar zaki. Da wannan kamannin Turawa suka sa masa suna, shi ya sa za ka ga an rubuta Lion's Mane a jikin kwalin. Sunansa a wajen masana tsirrai Hericium erinaceus, kalma ta biyun nan kuwa bushiya take nufi da Latin. Mutanen Sin suna ce masa naman kaza mai kan biri, mutanen Japan suna ce masa yamabushitake. Kowa dai da abin da idonsa ya gano masa.

A jikin manyan itatuwa masu ƙwari yake tsirowa, waɗanda suka mutu ko suka fara ruɓewa, a dazuzzukan ƙasashen sanyi na Asiya da Turai da Arewacin Amurka, galibi da kaka. A Ingila ya yi ƙaranci har doka ta hana tsinkarsa a daji. Wanda ake sayarwa a kasuwannin duniya kusan duk nomansa ake yi, a kan dusar katako da aka cusa a leda, cikin ɗaki mai sanyi da danshi. Ku riƙe wannan da kyau: ba tsiron dajinmu ba ne. Duk wanda ya tsinko wani farin abu a gindin bishiya da damina ya ce maka shi ne, kada ka karɓa.

*Hukuncinsa*

Asalin abin da ƙasa ta tsirar halal ne, sai wanda yake cutarwa ko yake gusar da hankali. A dangin naman kaza akwai mai dafi, cinsa haramun ne saboda cutarwa. Akwai mai bugarwa, shi ma haramun ne. Wannan da muke magana a kansa ba ya cikin biyun, abinci ne da mutanen Sin suka daɗe suna sa shi a miya. Halal ne.

Amma akwai wani ruɗu da nake son mu kawar. Na ga masu talla suna jingina shi da hadisin kam'a, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Sa'idu bin Zaid, Allah Ya ƙara masa yarda, inda aka ambaci kam'a a cikin ni'imar mannu, aka kuma ambaci amfanin ruwanta ga ido. Hadisin ingantacce ne, babu ja. Sai dai kam'a daban take. Ita a cikin rairayin hamada take yin 'ya'ya bayan ruwan sama, kamar dankali, a ƙasar Larabawa da Arewacin Afirka, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayaninta a Zadul Ma'ad. Shi kuwa wannan a jikin itace yake fitowa a ƙasar sanyi. Jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba don a sayar da kaya, babban ganganci ne. Kuma don Allah kada wani ya matse ruwan naman kaza ya ɗiga a ido. Ido ba wurin gwaji ba ne.

Inda haram take iya shigowa shi ne wajen sarrafawa. Na ruwa da ake sayarwa a 'yar kwalba mai ɗigo, da yawansa da barasa ake tatso shi, a duba rubutun jikin kwalbar. Na kafso kuma, ɓawon kafson wani lokaci da jelatin ake yinsa, wanda yana iya zama na alade, sai a nemi mai alamar halal ko wanda aka rubuta ɓawonsa na tsiro ne. Haka masu koyar da girkinsa a bidiyo sukan zuba giya a kasko, su ce wuta tana ƙone ta. Ba duka take ƙonewa ba, kuma mu tun farko ba mu da hurumin ajiye ta a gida. Ruwan lemon tsami ko ludayin romo ya wadatar.

*Batun ƙwaƙwalwa*

A nan sai mun yi adalci. Masu bincike sun samu wasu sinadarai a cikinsa, ana kiransu herisinon da erinasin, waɗanda a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka ga suna zaburar da abin da ke raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A shekarar 2009 an wallafa wani gwaji da aka yi a Japan a kan mutum 30, 'yan shekara 50 zuwa 80, masu ƙaramar mantuwa. An raba su gida biyu, gida ɗaya aka riƙa ba su giram 3 na garinsa kullum har mako 16. Makinsu a jarrabawar tunani ya ɗaga fiye da na ɗaya gidan. Da suka daina sha, bayan mako 4 makin ya fara sauka.

Kun ga akwai alamar alheri. Amma mutum 30 ba su kai sahu ɗaya a masallacin Juma'a ba, kuma mantuwarsu ƙarama ce. Wannan bai isa a ce yana warkar da ruɗewar tsufa ba. Saboda haka 'yar uwata mai tambaya, kada ki ajiye wa Hajiya maganinta. Ki mayar da ita wajen likita a auna hawan jini da suga, a duba jininta da maƙoshinta, har da kunnenta, domin tsohon da ba ya ji sosai sau da yawa akan ɗauka mantuwa ce. Wasu dalilan mantuwar suna da magani mai sauƙi idan an gano su da wuri. In kin samu naman kazan ki dafa mata a farfesu a matsayin abinci, ba laifi.

*Zaɓe da ajiya*

Ɗanye mai kyau fari ne, in ka danna shi yana dawowa kamar soso, ƙamshinsa mai sauƙi. In ya koma rawaya sosai ya fara tsufa, zai yi ɗaci. In yana yauƙi ko wari, a zubar. Kada a ƙulle shi a leda, gumi zai yi ya lalace. A naɗe shi a takarda a sa a firji, a ci cikin 'yan kwanaki. Inda wuta ba ta tsayawa kuwa, a dafa shi ranar da aka samo.

*Suyar ɗanye*

Sirrin girkinsa ɗaya ne: ruwa. Kusan kashi tara cikin goma na jikinsa ruwa ne, ga shi da shan ruwa kamar auduga. Shi ya sa ba a jiƙa ɗanye. A yanke ƙasan nan mai tauri inda ya manne da dusar katako, a karkaɗe datti da hannu ko busasshen ƙyalle. In dole sai an wanke, a ɗauraye da sauri a matse a hankali.

Sai ki yanka shi fala-fala, kaurin yatsa, ko ki yayyage shi da hannu kamar naman kaji. Ki ɗora kaskon suya a matsakaiciyar wuta, ba mai ko ɗigo. Eh, haka na ce, ba mai. Ki jera yankan, kada ki cunkusa su. Bayan ɗan lokaci za ki ga ruwa yana fitowa yana tafasa. Ki danne su da bayan ludayi ko gindin wata tukunya mai tsabta, ruwan ya ƙarasa fita. Wajen minti biyar zuwa bakwai ruwan zai ƙafe, gefen ya fara ja. Ki juya ɗaya ɓangaren.

Yanzu ne lokacin mai. Man shanu ya fi dacewa da shi, cokali ɗaya ko biyu, in babu a sa man zaitun ko man gyaɗa. Ki sa dakakkiyar tafarnuwa, gishiri kaɗan, da masoro. Minti biyu zuwa uku kowane ɓangare, har ya yi ja kamar soyayyen nama, gashin nan ya yi ƙaras-ƙaras. Ki sauke ki matsa lemon tsami. Wanda ya fara zuba mai tun ruwan bai fita ba, zai samu abu laɓo-laɓo mai maiƙo, ya ce an yaudare shi.

Ɗanɗanonsa yana kama da naman kaguwa ga wanda ya taɓa ci, wanda bai taɓa ba kuma zai ce tsokar ƙirjin kaza ce mai laushi. Ni na fi son a barbaɗa masa yajin ƙuli a ci da gurasa. Yana shiga miyar albasa da tattasai a ci da shinkafa ko sinasir, amma a soya shi tukuna, a zuba shi a ƙarshe. Daddawa kam a rage hannu, tana danne ƙamshinsa gaba ɗaya.

*Busasshe*

Wannan ne ya fi isowa gare mu, ta hannun 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin. Farkon haɗuwata da shi ke nan, wani ɗalibina ya kawo min ƙunshi guda daga Guangzhou. Muka jiƙa shi sau ɗaya muka zuba a tukunya har da ruwan jiƙon. Wallahi romon nan sai ka ce an sa maɗaci, yara suka ture kwano, kazar ma ta tafi a banza. Daga baya muka gane inda muka yi kuskure.

A jiƙa shi a ruwan ɗumi, aƙalla rabin awa, manya har awa biyu, sai cikinsa ya yi laushi babu sauran tauri. A matse shi kamar soso, za a ga ruwa rawaya yana fita, ɗacin ke nan. A zubar, a sake sabon ruwa, a sake matsewa, sau uku ko huɗu har ruwan ya yi haske. A yanke gindin. Wanda yake so ya tabbatar, ya tafasa shi minti biyar ya zubar da ruwan.

Daga nan sai farfesu. Kazar gida ɗaya, busasshen naman kaza dunƙule uku ko huɗu, citta ɗanya, albasa, tafarnuwa, kanumfari kaɗan, attarugu daidai bakin mai ci. A bar shi a ƙaramar wuta wajen awa ɗaya. Zai shanye romon, in ka tauna sai ya fashe a baki. Mutanen Sin ma da kaza suka fi dafa shi. Ga tsohon da haƙora suka yi rauni abinci ne mai sauƙin tauna.

Kada a ci shi ɗanye. Jikin naman kaza yana da wani sinadari mai tauri irin na ɓawon fara, wuta ce take sassauta shi, in ba haka ba sai kumburin ciki.

*Waɗanda za su yi hattara*

Ranar farko a ci yanka ɗaya ko biyu kawai, a saurara zuwa gobe. An samu waɗanda ya tayar musu da ƙaiƙayi da borin jini, har da sarƙewar numfashi. Mai asma da wanda wani naman kaza ya taɓa ɓata wa jiki su nisance shi. In leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, asibiti kai tsaye, ba a tsaya neman zuma da habbatus sauda a wannan lokaci. Mai shan maganin suga, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, kada su fara shan garinsa ko kafsonsa sai da sanin likitansu. Mai ciki da mai shayarwa su bar garin da kafson gaba ɗaya.

Sai jan kunne na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Ina tsoron wannan talla ta sa mutane su fara tsinkar na daji da damina da sunan magani. Akwai masu dafi da suke kama da masu kyau ƙwarai, kuma dafinsu ba ya mutuwa da tafasa ko suya ko shanya. Mafi muninsu ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai ci lafiya lau, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, daga nan ya ji sauƙi har a ce ya warke, alhali hanta ce take lalacewa a ɓoye. Maganar cewa in tsutsa ko akuya ta ci to ba dafi, ko a sa cokalin azurfa a ga ko zai yi baƙi, duk ba gaskiya ba ne. Idan yaro ya ci na bayan gida ko na gona, a kai shi asibiti tun bai fara amai ba, a tafi da ragowar abin da ya ci a naɗe a takarda domin likita ya gani.

Mai tambaya ya turo a rubuce, za mu amsa bayan sallar isha'i in sha Allahu. A tura wa 'yan uwa, musamman masu kula da tsofaffi a gida.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.